A Ba Masu Haƙa Rami Kusa da Wayoyin Wuta a Abuja Kayan Kariya na Gaskiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake jin muryarsu ba, wato leburorin da ke haƙa ramuka a titunan Abuja da unguwanninta domin shimfiɗa bututun ruwa, ko wayar intanet, ko gina magudanar ruwa, ko aza harsashin katanga. Aikin lantarki na yi har na yi ritaya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake tura waɗannan mutane su yi ta sara da diga a kan ƙasar da manyan wayoyin wuta ke kwance a cikinta, ba tare da safar hannu ko tufafin da za su kare su ba, ko kuma a ba su wasu kaya da ake kira na kariya alhali ba sa kare komai.

Yawancin masu wannan aiki 'yan ci-rani ne daga Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da sauran jihohin Arewa, har ma da Jamhuriyar Nijar. A garuruwan da suka taso, wayar wuta a sama take, a kan falwaya, kowa yana ganinta yana kauce mata. Abuja ba haka aka tsara ta ba. A Maitama da Asokoro da Wuse da Garki da tsakiyar birni, an binne wayoyin rarraba wuta da yawa a ƙarƙashin ƙasa tun lokacin da ake gina unguwannin, kuma ko a wajen waɗannan wurare akwai rukunin gidaje da otal-otal da asibitoci da suka ja tasu wayar ta ƙasa daga taransifoma. Wasu suna ɗauke da wutar da ke shiga gidaje, mai ƙarfin bolt 240 zuwa 415, wasu kuma manya ne masu bolt 11,000 ko 33,000. Da yawa daga cikinsu zurfinsu bai wuce mita ɗaya ba tun farko, sannan shekaru sun shuɗe, an kankare titi, an faɗaɗa shi, ruwan sama ya zaizaye ƙasa, ta yadda wayar da aka binne da zurfi a jiya tana iya kasancewa taki ɗaya ko biyu kawai ƙarƙashin ƙafar mutum a yau.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara kafin a yi maganar kayan kariya. Mutane da dama sun ɗauka cewa haɗarin saran waya shi ne wuta ta ja mutum ta hannu, saboda haka da zarar an sa safa an tsira. Jan wuta yana faruwa, kuma yana kisa, musamman da damina lokacin da ramin ke jiƙe, mutum kuma yana tsaye cikin taɓo da silifa. Amma abin da ya fi yawan raunata masu haƙa shi ne gobarar da ke tashi a daidai lokacin da bakin diga ya huda rigar wayar ya haɗa jijiyoyinta. A cikin ƙiftawar ido wuta takan yi tsalle ta cikin iska da ƙara kamar ta bindiga, zafinta a tsakiya yana iya kaiwa digiri 19,000, fiye da ninki uku na zafin saman rana, tagulla ko alminiyon da ke cikin wayar ya narke ya fantsama. Mai haƙa kuwa a sunkuye yake, fuskarsa da ƙirjinsa da hannuwansa suna daidai saitin wurin, ramin kuma ya tattara zafin ya turo shi sama. Safar hannu, komai kyanta, ba ta rufe fuska da wuya da ƙirji.

A nan ne maganar tufafi ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Duk wanda ya lura da leburorinmu ya san cewa rigar da suka fi sawa wajen aiki ita ce rigar ƙwallo ta gwanjo, saboda tana da araha, ba ta da nauyi, kuma tana saurin bushewa idan an wanke. Irin wannan riga da zaren roba ake saƙa ta, kuma idan zafi mai tsanani ya same ta narkewa take yi ta manne da fata, ta ci gaba da ƙona naman mutum bayan wutar waya ta mutu. Na taɓa zuwa duba wani saurayi a asibiti wanda hakan ta same shi yana haƙa harsashin katanga. Ƙunar da ke fuskarsa ta yi sauƙi da wuri, amma ƙirjinsa da kafaɗunsa, daidai inda rigar ta kwanta, sai da likitoci suka yi ta cire narkakkiyar roba daga cikin tsoka, aka kuma yanko fata daga cinyarsa aka liƙa. Hannunsa na dama bai ƙara miƙewa sosai ba, kuma mutum ne da ba shi da wata sana'a sai ta ƙarfi. Wanda ya ɗauke shi aikin ya biya kuɗin kwanakin farko, daga nan wayarsa ta daina shiga, sai 'yan garinsu ne suka yi karo-karo.

Abin takaicin shi ne, rigar nan mai ƙyalli, ruwan lemo ko tsanwa, da 'yan kwangila suke rabawa su ce sun ba ma'aikata kayan kariya, ita ma galibinta zaren roba ce. An yi ta ne domin direba ya hango mai aiki a bakin titi, kuma a wannan fanni tana da amfani. Amma a gaban gobarar lantarki, sai dai ta ƙara wa mutum rauni, in ba wadda aka yi ta musamman da yadi mai jure wuta ba. Abin da ya dace da mai haƙa kusa da waya shi ne riga da wando, ko doguwar rigar aiki haɗe da wando, da aka yi da yadin da ba ya kamawa da wuta kuma ba ya narkewa, wanda aka gwada shi bisa ƙa'idar duniya mai lamba IEC 61482, aka rubuta yawan zafin da zai iya tarewa a jikin takardarsa. A sa ta da dogon hannu a sauke, maɓallai a rufe har wuya, kuma singiletin da ke ciki ya kasance na auduga zalla, domin idan na ciki roba ne, zafin da ya ratsa yana iya narkar da shi. Inda ba a samu wannan ba, yadin auduga mai kauri ya fi na roba nesa ba kusa ba, ko da yake auduga tana iya kamawa da wuta, don haka ba za a kira ta cikakkiyar kariya ba. Sai gilashin rufe fuska gaba ɗaya a jikin hular kwano, da takalmi mai rufe ƙafa wanda tafinsa ba ya wuce da wuta. A kuma cire agogon ƙarfe da sarƙa da zoben azurfar nan da yawancinmu muke sawa, domin ƙarfe yana ɗaukar wuta, yana kuma riƙe zafi a kan fata.

Game da safar hannu, a nan ne aka fi yaudarar mutane. Safar roba ta wanki ko ta masu kwaɓa siminti, da safar fata ta masu walda, da ta yadi mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, babu ɗaya daga cikinsu da aka yi domin tare lantarki. Suna hana kanta da yanka, shi ke nan. Safar lantarki ta gaskiya aji-aji ce, bisa ƙa'idar IEC 60903: aji 00 tana aiki har bolt 500, aji 0 har 1,000, aji 1 har 7,500, aji 2 har 17,000, aji 3 har 26,500, aji 4 kuma har 36,000. Ma'ana, wanda zai kusanci waya mai bolt 11,000 aji 2 yake buƙata, mai bolt 33,000 kuwa sai aji 4. A jikin kowace safa ta ƙwarai akwai tambarin kusurwa uku guda biyu, da lambar ajinta, da ranar da aka gwada ta. Duk safar da ba ta da waɗannan alamomi, ko mai shago ya rantse cewa daga Jamus aka kawo ta, kada a jingina ran mutum a kanta.

Sayen safar ma bai wadatar ba, sai an san yadda ake riƙe ta. Roba ce, kuma huda ɗaya da ba ta kai kan allura ba ta isa wuta ta bi ta shiga. Shi ya sa ake ɗora safar fata a kanta domin kare ta daga tsakuwa da ƙarfe, ake kuma naɗe bakinta a matse iska a ciki kafin kowane aiki, a kai kusa da kunne ko kunci a ji ko tana yoyo. Rana tana busar da ita, man fetur da baƙin mai suna cinye ta, ninkewa yana tsattsaga ta, saboda haka a jakarta ake ajiye ta a inuwa, ba a bayan a-kori-kura tare da diga da jarkar dizal ba. A ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci, kamar Amurka, ana mayar da safar da ake amfani da ita ɗakin gwaji duk bayan wata shida. Safar da ta shekara biyar a sito ba a gwada ta ba, haɗarinta ya fi na rashin safa, domin mai hannu tsirara yana jin tsoro ya ja da baya, mai lalatacciyar safa kuwa yana kai hannu da ƙwarin gwiwa.

Ya kamata in faɗi gaskiya a kan iyakar waɗannan kaya, domin kada a ɗauka ina cewa a raba wa kowane lebura safar aji 4 a ce ya ci gaba da sara. Safa ce mai kauri da nauyi, kuma babu mai iya yini yana ɗaga diga da ita a zafin watan Maris da Afrilu na Abuja. Idan aka tilasta masa, da zarar foman ya juya baya zai cire ta, kuma ba zan ga laifinsa ba. Abin da ya dace shi ne tufafin da ba sa narkewa da takalmi da kariyar fuska su zama na kowa da ke cikin ramin, safar lantarki kuwa a sa ta lokacin da haƙa ya matso kusa da waya, sannan taɓa wayar ko gusar da ita ko tallafe ta ya zama aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki kaɗai, bayan an kashe layin an tabbatar ya mutu. Maganar zafi kuwa tana da mafita: a yi haƙan da ke kusa da waya da sassafe, a riƙa karɓa-karɓa, a tanadi ruwan sha da inuwa.

Kayan kariya su ne katanga ta ƙarshe, kuma akwai matakan da ya kamata su riga su. A Ingila, hukumar kula da lafiyar ma'aikata tana da jagora mai lamba HSG47, wanda ya gina aikin a kan neman taswirar wayoyi kafin a fara, da bin wurin da na'urar gano waya a shata layinta da fenti, da kuma yin haƙa cikin tsanaki. Jagoran ya hana amfani da injin fasa ƙasa na hannu a cikin rabin mita daga inda waya take, ya fifita shebur a kan diga da duk wani abu mai tsini, ya kuma ce a haƙa ta gefen waya a tono ta a kwance, kada a sauko mata ta sama. Akwai shebur mai mariƙin da ba ya wuce da wuta, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin jinya. Ita kanta na'urar tana da rauni, domin tana iya kasa jin wayar da ke da wuta amma ba a jan komai ta cikinta, kamar wayar fitilun titi da rana, shi ya sa ake haɗa ta da taswira da ƙananan ramukan gwaji. A Amurka kuwa lamba guda ce, 811, da duk mai son haƙa zai kira kafin ya fara, kamfanoni su zo su shata masa inda kayansu suke kyauta.

Mu a nan muna da wani haɗari na daban, wanda ya samo asali daga yanayin wutarmu. Wata rana da rani na tarar da wasu samari suna haƙa ramin bututu a wata unguwa, ɗaya daga cikinsu ya zaƙulo wata doguwar leda mai launi daga cikin ƙasa ya jefar gefe, ya ɗaga diga zai ci gaba. Na ce masa, "Samari, dakata. Ka san mece ce wannan?" Ya ce, "Baba, leda ce kawai, tun can baya muke cin karo da ita." Ledar gargaɗi ce da ake shimfiɗawa a saman waya, kuma da muka share ƙasa da hannu kaɗan sai ga faifan kankaren da ake rufe ta da su. Ba wanda ya taɓa gaya musu ma'anar ledar, rubutun da ke jikinta kuma da Turanci yake. Da aka kira mai kula da aikin, amsar da ya bayar ita ce ai an ɗauke wuta tun asuba, babu komai a layin. Wannan magana ta halaka mutane. Wutar da aka ɗauke ana iya dawo da ita a kowane daƙiƙa ba tare da sanarwa ba, kuma ko ba a dawo da ita ba, janareton wani gida ko ofis da ba a haɗa shi daidai ba yana iya turo wuta baya ta cikin layin. Waya ba ta mutu ba sai ma'aikacin kamfanin rarraba wuta ya kashe ta daga tushe, ya kulle makunnin, ya gwada, ya haɗa ta da ƙasa, ya ba da izinin aiki a rubuce.

Tsarin biyan kuɗi ma yana da hannu a cikin wannan. Babban kamfani ya karɓi kwangila, ya yanka wa ƙarami, ƙaramin ya ba wani, shi kuma ya tafi bakin hanya da safe ya kwaso mutane da digoginsu a yi jinga, a biya su gwargwadon tsawon ramin da suka haƙa. Wanda ake biya da mita ba zai so a ce ya ajiye diga ya koma yakutar ƙasa da shebur a hankali ba, domin abincin iyalinsa ke raguwa. Idan ana son ya yi tsanaki, dole a biya shi kuɗin yini a duk inda haƙa ya kusanci waya. Haka kuma, saboda yawan satar wayoyi, leburan da ya ɗan gurje waya bisa kuskure yana tsoron a kira shi ɓarawo a miƙa shi ga 'yan sanda, ko a zaftare kuɗinsa, sai ya mayar da ƙasa ya rufe ya yi shiru. Ruwa ya shiga ta wurin, bayan makonni ko watanni wayar ta fashe, wataƙila a hannun wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya kamata a sanar da ma'aikata ƙarara cewa duk wanda ya kawo rahoton gurzar waya ba za a hukunta shi ba.

Ba a rasa doka ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ta haɗa har da ma'aikatan wucin gadi da waɗanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba. Sai dai leburan da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba zai sha wuya kafin ya tabbatar da cewa wane ne ya ɗauke shi. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da doka a 2015, ita ke da alhakin duba ingancin kayan lantarki da tsaron rayuka a harkar, hukumar SON kuma ita ke sa ido kan ingancin kayan da ke shigowa kasuwa. Ina roƙon su biyun su leƙa shagunan da ke sayar da safar hannu da sunan ta lantarki, su ɗauki samfur su gwada, su kuma bayyana wa jama'a wuraren da kamfani zai iya kai safarsa a gwada masa ita a kan kuɗi mai sauƙi.

Ga hukumar raya babban birnin tarayya, FCDA, da kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, AEDC, roƙona shi ne su haɗa kai su samar da lambar waya guda da mai son haƙa zai kira, ko babban ɗan kwangila ne ko magidanci mai son yin sokawe a ƙofar gidansa, a zo a nuna masa inda waya ta bi. Kada a ba da izinin yanka titi ko haƙa a gefensa sai an ga shaidar cewa an nemi taswira, an tanadi na'urar gano waya, kuma an sanya kuɗin kayan kariya a cikin lissafin kwangila a matsayin layi mai zaman kansa da ba za a zaftare ba. Alhakin kuma ya tsaya a wuyan babban ɗan kwangila, ko hannu nawa aikin ya bi kafin ya isa ga mai diga. A rubuta gargaɗin da ke jikin leda da Hausa tare da zanen da wanda bai yi boko ba zai gane, a kuma ware minti goma kowace safiya foman ya yi wa ma'aikata bayani da harshen da suke ji, har da abin da za su yi idan tsautsayi ya faɗa wa ɗan'uwansu: kada kowa ya faɗa ramin ko ya taɓa shi sai an tabbatar an kashe layin, a kira lambar gaggawa ta 112, a kwarara wa ƙunar ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki, kada a ɓanɓare yadin da ya manne, a kuma kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin wuta tana yin ɓarna a cikin jiki da bugun zuciya wadda ido ba ya gani.

Ina kuma kira ga sarakunan Hausawa na unguwannin Abuja da kewaye, da shugabannin ƙungiyoyin leburori, da limaman masallatan da waɗannan samari ke salla, su riƙa tambayar duk wanda ya zo ɗibar ma'aikata ko akwai waya a wurin da za a haƙa, da kuma irin kayan da ya tanadar musu, su rubuta sunansa da na kamfaninsa da sunayen yaran da ya ɗauka kafin motar ta tashi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Tsohon ma'aikacin lantarki,
Kubwa, Abuja.